Tafiyar Zariya Saboda Mafarkin Gwaggo

Gwaggona ba matsoraciya ba ce, amma wannan mafarkin ya hana ta sakat. Samari take gani, dandazo guda, sun cika mata tsakar gida har zaure, ba ta san fuskar ko ɗaya ba, kuma ba mai cewa uffan. Wata maƙwabciya ta kawo ɗan littafin fassarar mafarki irin na Kasuwar Kurmi, ta karanta mata cewa saurayin da ba a sani ba maƙiyi ne. To idan ɗaya maƙiyi ne, ina ga cikin gida? Abinci ya daina shiga. Ta ce lallai in kai ta Zariya wurin wani dattijon malami da marigayi mijinta ya yi karatu a zaurensa.

Bayan asuba muka hau mota a tashar Unguwa Uku. Mun wuce Kura da gonakin shinkafar Kadawa ba ta ce komai ba. A Kwanar Dangora direba ya tsaya, nan take samari suka yi wa motar caa, mai rake, mai dafaffen ƙwai, mai ruwan leda, kowa na tura hannu ta taga. Na ga carbi ya tsaya a hannun Gwaggo, ta daɗe tana kallonsu. Haka aka sake yi a Tashar Yari.

Da hantsi muka shiga birni ta Ƙofar Doka, muka nufi Unguwar Juma. Malam yana kan buzu, littattafai jibge a gefensa, amma ko ɗaya bai buɗe ba. Tambayoyi ya shiga yi. Da wane lokaci take ganin mafarkin? Samarin na riƙe da wani abu? Sannan ya ce, "Hajiya, idan kin farka, tsoro kike ji ko tausayi?"

Gwaggo ta yi shiru. "Allah gafarta Malam, tausayi. Sai da aka karanta mini littafi tsoro ya zo."

Daga nan bakinta ya buɗe. Autanta ya gama digiri, ba aiki. Shi da abokansa suna wuni a majalisa a ƙofar gidanta, ita ke miƙa musu ruwa. Wasu cikinsu sun bi hanyar Agadas, har yau ba labari.

Malam ya tuna mata abin da ya zo a Bukhari da Muslim, cewa mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci. Nata, in ji shi, na ukun ya fi kama, abin da ta wuni da shi ne take kwana da shi, Allah ne masani. Ya ce Ibn Sirin mutumin Basra, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, malamai da yawa suna shakkar ko shi ya rubuta littafin fassarar mafarkin da ake jingina masa. Kuma an ruwaito mutum biyu sun yi mafarkin kiran salla, Ibn Sirin ya ce wa ɗaya zai yi hajji, ɗayan kuwa za a kama shi da sata, domin halinsu ya duba.

Wannan ya tsaya mini a rai. Yau a Facebook da TikTok ana yanke wa mutane fassara ba a ko tambayi su wane ne ba, a jefa uwa cikin zargin maƙwabta. A ganina wannan zalunci ne, ko da da sunan addini aka yi shi.

Da za mu tafi Gwaggo ta kwance bakin zane ta ajiye kuɗin sadaka. Malam ya mayar mata, ya ce ta haɗa wa auta ya ja jari.