Kumamoto, Inda Aka Gano Yoyon Jijiyoyin Ciwon Daji

Kumamoto ba ya cikin biranen Japan da matafiya ke rububin gani. Yana can kudu a tsibirin Kiyushu, nesa da hayaniyar Tokiyo, kuma jirgin ƙasa mai gudun walƙiya ne ya kawo ni daga Fukuwoka cikin ƙasa da awa guda. Gari ne mai albarkar ruwa, domin duk abin da famfunansa ke zubarwa daga ƙarƙashin ƙasa yake, ruwan da ya tsatso daga yankin dutsen Aso. Fadar da Kato Kiyomasa ya kammala a 1607 tana tsakiyar gari, ana ta gyaran katangunta da girgizar ƙasar 2016 ta zubar, kowane dutse a nemo gurbinsa na asali a mayar da shi.

Sunan Farfesa Hiroshi Maeda ne ya ja ni garin. Ya rasu a 2021, bayan shekaru masu yawa a Jami'ar Kumamoto, daga baya kuma a Jami'ar Sojo. A 1986 shi da Yasuhiro Matsumura suka wallafa abin da suka gani a jikin ɓeraye masu ciwon daji. Sun yi musu allurar wani shuɗin rini mai manne wa furotin na jini, sai ga ƙarin dajin ya yi shuɗi shar, lafiyayyen nama kuwa bai rinu ba. Dalili shi ne ƙari yana gina jijiyoyin jininsa cikin gaggawa, sai su fito da ɓuloli, ga shi kuma ba shi da magudanar kirki da za ta kwashe abin da ya shige shi. Kamar rufin soro ne da ke yoyo a ɗakin da ba shi da rariya. Ƙaramin magani yakan bazu ko'ina a jiki, ƙoda ta tace shi. Wanda aka ɗaure a jikin ƙwayar nano kuwa, mai awon 'yan gomomin nanomita (nanomita ɗaya kaso ɗaya ne cikin biliyan na mita), ba ya ratsa lafiyayyar jijiya, sai ya taru inda ake yoyon. Maganin da Maeda ya haɗa, SMANCS, ya samu amincewar hukuma a Japan a 1993 don dajin hanta. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa mai wannan ciwo a asibitocinmu ya san nauyin maganar.

Inda abin ya fi burge ni shi ne batun iskar nitrik oksaid. Jikinmu da kansa yake yin ta don buɗe jijiyoyi, kuma gano hakan ne ya ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998. Mutanen Maeda suka ɗauko nitirogilisarin, tsohon maganin ciwon ƙirji da likitoci suka fi shekara ɗari suna ba masu ciwon zuciya, suka shafa wa ɓeraye. A cikin ƙari, inda oksijin ke ƙaranci, ya fi sakin iskar, jijiyoyi su buɗe, maganin da ke taruwa ya ninka biyu zuwa uku. Magani mai araha, da kowa ya raina, shi ya buɗe wa na zamani ƙofa!

Sai kuma oksijin mai ƙuna, dangin haidirojin ɗin nan da ke kumfa idan an zuba a gyambo. Jiki yana da sinadaran da ke kashe kaifinsa, amma ƙari da yawa suna da ƙarancinsu. A nan dabara ta kai dabara. Mutanen Maeda sukan fara aika wani sinadari mai haɗa haidirojin feroksaid, su jira ya taru a ƙari ya bar jini, sannan su aika abincin da zai sarrafa. Gubar a cikin ƙarin kaɗai ake dafa ta. Akwai kuma ƙwayoyin da ba sa samar da irin wannan oksijin sai an haska musu fitila. Idan nitrik oksaid ta gamu da wani nau'i na wannan oksijin, sukan haifi feroksinaitirait, wanda ke lalata ƙwayar halitta har cikin gadonta. Yau ɗakunan bincike a Japan da Sin da Amurka suna ƙera ƙwayoyin da ke sakin biyun lokaci guda.

Matasan masu binciken da na zanta da su ba su yi mini cika baki ba, kuma wannan ya ƙara musu girma a idona. Sun nuna mini cewa ƙarin ɗan'adam ba na ɓera ba ne: ya daɗe yana girma, jijiyoyinsa sukan toshe da gudan jini, yoyon ya bambanta daga majinyaci zuwa majinyaci, har daga sashe zuwa sashe na ƙari guda. Yawancin waɗannan ƙwayoyi ba su wuce gwajin dabbobi ba. Shi ya sa Maeda ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe a kan yadda za a maido da gudun jini cikin toshasshen ƙari kafin a aika magani, kuma a nan almajiransa suka ɗora.