Idan Akori-kura Ta Fara Shaƙewa



Duk wanda ya tashi a yankin Kura da Bunkure ya san cewa lokacin kwasar tumatir, awa ɗaya ma kuɗi ce. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, shi ya ba mu noman rani, amma ruwa ba ya kai kwando kasuwa, mota ke kai shi. A gidaje irin namu kuwa, motar ita ce tsohuwar Fijo 504 akori-kura, irin wadda kamfanin Fijo na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya riƙa haɗawa. Da yawansu sun girme mu. Idan ta yi lodi daga gona za ta Kwanar Gafan ko 'Yankaba ta mace da rana tsaka, kafin la'asar tumatir ya fara tsiyaya, dillali ya karya farashi, wahalar wata uku ta tafi a banza.

Ciwon da ya fi addabar waɗannan motoci shi ne shaƙewa: a taka totur, maimakon ta zabura sai ta cije, ta yi tari, wani lokacin ta mutu gaba ɗaya. Da an ga haka sai kowa ya ce kabureta ce. A kwance ta, a wanke, a murɗa sukurorinta, in ta ƙi a ce a tafi Kofar Ruwa a sayo wata. Mun ga gidajen da suka yi haka, ciwon kuma yana nan.

Tamu ta taɓa yin wannan ciwo a tsakiyar kwasa. Baffanmu ya kai ta wurin wani tsohon bakanike da ya tsufa a kan Fijo, har ya riga ya ƙirga kuɗin kabureta a aljihu. Tsohon bai ko buɗe bonet ba.

"Alhaji, yaushe take yi? Da ka taka, ko sai ta yi tafiya?"

"Sai ta yi tafiya, Malam. In ta mutu muka ɗan jira, sai ta tashi."

Ya zagaya ya buɗe murfin tanki, muka ji iska ta shige fuu. Ƙaramar kafar da tanki ke shaƙar iska ce ta toshe da ƙura, mai ya kasa fita. Ya tsokale ta da waya, ya canja filtar mai, muka kama hanya.

Daga ranar muka riƙe abu ɗaya: lokacin da mota ke shaƙewa shi ke nuna inda ciwon yake. Inji abu uku yake nema, mai da iska da wuta. Aikin kabureta ta gauraya iska wajen kashi 15 da mai kashi 1 a ma'aunin nauyi. Duk abin da ya ɓata wannan lissafi, ko ya raunana wutar fulogi, alamarsa kusan iri ɗaya ce a ƙafar direba.

Idan da an taka take cijewa, sannan ta ware, to a duba ɗan famfon da ke jikin kabureta. Buɗe totur farat ɗaya yana shigo da iska da yawa kafin mai ya biyo ta, shi ya sa aka sa wannan famfo ya tsarto mai ya cike giɓin. A kashe inji, a cire iyakilina, a leƙa maƙogwaron kabureta, a ja totur da hannu. In ba a ga mai ya tsartu ba, robar famfon ta yage ko bakinsa ya toshe.

Idan tana tafiya lafiya, sai da lodi ko a hawa ƙarfinta ke ƙarewa, ta mutu kuma ta tashi bayan mintuna, mai ne ba ya isowa. Filta, fuwal famfo, tsatsar tanki ko kafar iskar tanki, ɗayansu ne.

Idan sai ta yi zafi take mutuwa, kuma ba ta tashi sai ta huce, a fara da kwayil da kwandansa, a duba kontak. Wuta mai lafiya shuɗiya ce mai ƙara, mai rauni kuwa ja-ja ce. A zafin Afrilu kuma man kansa kan tafasa a cikin tiyon da ya bi kusa da inji, famfo ya riƙa jan tururi.

Fulogi ma shaida ne. In ya fito baƙi ƙirin, salansa na baƙin hayaƙi, mai ya rinjayi iska: ƙurar hunturu ta cika iyakilina, ko cok ya maƙale, ko fulot ya daina tsayar da mai. In ya fito fari fat, kabureta na atishawa, iska ce ta rinjayi mai, sai a nemi tiyon da ya tsage ko gasket da ke shan iska. Jan cok kaɗan yana raba gardama: in ta gyaru, mai ne ya yi mata kaɗan.

Sai shi kansa man. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, da yawanmu galan-galan muke saye, tanki kullum a ƙasa, famfo na jan laka da tsatsa. Wani man jarkar kuma da ruwa yake zuwa. A zuba kaɗan a farar kwalba a ajiye, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa. Duk wannan a yi shi nesa da wuta da taba, kuma ɗaura galan a kan mota a jona wa kabureta kai tsaye, yadda muke gani a hanya, wasa ne da gobara.

Ƙa'idar tsohon ita ce a fara da mai araha, a taɓa abu ɗaya, a gwada, sannan a matsa. Wanda ya murɗa sukurori uku lokaci guda, ko motar ta gyaru bai san me ya gyara ta ba.

Abin da ke damunmu shi ne masu wannan kunne suna ƙarewa. Yaran gareji yanzu hankalinsu na kan motocin da ake jona wa kwamfuta ta faɗi ciwonsu, ba kuma za a ga laifinsu ba, can kuɗin yake. Amma motocin da ke shiga hanyoyin gonakinmu ba su da inda za a jona kwamfuta, masu su kuma ba su da kuɗin sabuwa. Shi ya sa duk wanda gidansu ke ci da irin wannan mota, ya samu tsohon bakaniken garinsu tun yana raye, ya tsuguna kusa da shi, ya yi tambaya, ya rubuta.

Sai mako mai zuwa.