Ɗumin Zuciya da Shaidar Aiki: Jon Wesli da Neman Tabbacin Ceto

Ranar 25 ga watan Janairu na shekarar 1736, guguwa ta rutsa da wani jirgin ruwa na Ingila a tsakiyar tekun Atlantika, yana kan hanyarsa ta zuwa Jojiya, wani sabon yankin da Turawa suka kafa a gaɓar Amurka. Igiyar ruwa ta haura bisa jirgin, ta kwarara ciki, babban ƙyallen da iska ke tura jirgin da shi ya kece. Mutanen Ingila suka ɓarke da kururuwa. A gefe guda kuwa akwai wasu Jamusawa su 26, maza da mata da yara, ƴan wata ɗariƙar Kirista da ake kira Morabiyawa. Guguwar ta iske su suna tsakar waƙar ibada, suka ci gaba da abinsu har suka kai ƙarshe.

Cikin waɗanda tsoro ya kama akwai wani limamin coci mai shekara 32, sunansa Jon Wesli. Da ruwa ya lafa, sai ya je ya tambayi ɗaya daga cikin Jamusawan ko bai firgita ba, shi da matansu da yaransu. Mutumin ya amsa masa cewa ba su tsoron mutuwa. Amsar ta soki Wesli, don shi ne malami a jirgin, shi ke yi wa mutane wa'azin lahira, amma da lahirar ta leƙo sai gabansa ya faɗi. Tun daga ranar tambaya ɗaya ta kama shi, ba ta sake shi ba har tsufansa: ta yaya mutum zai san bangaskiyarsa ta gaskiya ce, kuma Allah ya karɓe shi?

Wanda ya san tarihinsa ba zai zaci irin wannan shakka daga gare shi ba. An haife shi a 1703 a garin Epworth, mahaifinsa limamin cocin Ingila ne, mahaifiyarsa Suzana kuwa mace ce mai tsananin horo. Ya yi karatu a jami'ar Oksfod, ya koyar da Girkanci a can. Daga 1729 ya shugabanci wani ƙaramin taron ɗalibai, tare da ƙanensa Calis, suna azumi Laraba da Juma'a, suna ziyartar fursunoni da marasa lafiya. Yana da ɗan littafin da yake auna kansa a ciki, sa'a bayan sa'a, kamar ɗan kasuwa mai lissafin riba da faɗuwa. Saboda wannan tsari ne abokan karatu suka laƙaba musu sunan ba'a, Metodis, wato masu bin ƙa'ida. Duk da haka, lissafin bai taɓa kwantar masa da hankali ba.

Domin mai karatu ya gane nauyin lamarin, ya kamata a ɗan fayyace shi. A koyarwar Kirista, ceto shi ne gafarar zunubi da sulhu da Allah ta wurin mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa. Inda aka rabu shi ne ko mai bi zai iya sanin ya samu wannan gafara tun yana raye. Babban taron cocin Katolika da aka yi a Tarento ya yanke a 1547 cewa ba wanda zai iya sani, da tabbacin da babu kuskure cikinsa, cewa ya samu alherin Allah. Abin da ya kamaci bawa shi ne bege da tawali'u. Martin Luta da Jon Kalbin, jagororin Furotesta, sun koyar da cewa tunda ceto kyauta ce da ke bisa alkawarin Allah, mai bi na da ikon dogara gare shi ba tare da ɗar-ɗar ba. Sai dai alkawarin na kowa ne, zuciya kuwa ta mutum ɗaya ce. Tsakanin "Almasihu ya mutu domin duniya" da "ya mutu domina" akwai tazara, kuma cikin wannan tazara Wesli ya maƙale.

Kwana kaɗan da saukarsa Jojiya, wani shugaban Morabiyawa mai suna Spangenberg ya taɓa masa daidai inda ke ciwo. Ya kira shi ɗan'uwa, ya tambaye shi ko ya san Almasihu ya cece shi, shi kansa. Wesli ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce ya sani. Amma da ya koma ga littafinsa sai ya rubuta cewa yana tsoron maganar baki ce kawai. Zamansa a Amurka bai yi armashi ba. Ya tsananta wa jama'a, ya hana wata matar da ya taɓa so Jibin Ubangiji bayan ta auri wani, aka kai shi ƙara, ya bar ƙasar a Disamban 1737. A hanyar komawa ya yarda a ransa cewa ya tafi shiryar da wasu alhali shi ma yana bukatar mai shiryar da shi.

A Landan ya haɗu da wani saurayi Bamorabiye, Peter Böhler, wanda ya koya masa cewa bangaskiyar gaskiya na zuwa da abu biyu: rinjaye bisa zunubi, da kwanciyar rai wadda shakka ba ta gauraya da ita. Ranar 24 ga Mayu 1738, da maraice, Wesli ya tafi wani ɗan taro a titin Aldersgate, ba da son ransa ba. Wani na karanta gabatarwar da Luta ya rubuta wa wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa. Wajen ƙarfe tara saura kwata, ya ji wani ɗumi ya mamaye zuciyarsa, ya ji ya dogara ga Almasihu kaɗai, kuma an ba shi tabbacin cewa an ɗauke zunubansa. Har yau mabiyansa na tunawa da wannan rana kowace shekara.

Da labarin ya tsaya nan, da ya zama irin labarun da ake rufewa da murna. Amma a daren nan kansa, da ya koma gida, jarabobi suka taso masa. Har yana tambayar kansa ina farin cikin da aka ce yana biyo baya. Ranar 4 ga Janairu 1739, wata bakwai da ɗoriya bayan Aldersgate, ya rubuta cewa shi ba Kirista ba ne, tunda bai ga ƙauna da salama da farin ciki a ransa yadda ya kamata ba. Abin da ya fi ban mamaki shi ne wasiƙar da ya aika wa Calis a Yunin 1766, bayan shekara 28, wadda ya ɓoye wani sashenta cikin gajeren rubutu na alamomi. A ciki ya shaida wa ƙanensa cewa yana ganin bai taɓa ƙaunar Allah ba, bai taɓa ba da gaskiya yadda Kirista ke nufi ba, amma kuma himmarsa ga aikin ba ta ragu ba. A lokacin dubban mutane na cewa ta bakinsa suka samu kwanciyar rai.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To, in fuskar da kanta na sauyawa safe da yamma fa? Wesli ya ga haka ga kansa, ya kuma gani ga jama'a. Tun da ya fara wa'azi a fili a Biristol cikin Afrilun 1739, ya ga mutane na faɗuwa ƙasa, suna kuka, suna makyarkyata, suna tashi da shelar an gafarta musu. Wasunsu sun dore, wasu kuwa kafin shekara ta kewayo sun koma gidan jiya. Dole aka nemi ma'aunin da ya fi hawaye ƙarfi.

A ƙetaren teku, a yankin Masacusets, wani sa'ansa mai suna Jonathan Edwards, shi ma haihuwar 1703, yana fama da wannan matsala bayan babban farkawar addini da aka yi can. A 1746 ya wallafa littafi a kan motsin zuciya cikin addini. Ya jera abubuwa 12 da ba su tabbatar da komai, ko ta wane gefe: ƙarfin shauƙi, girgizar jiki, yawan zancen addini, ayoyin da ke faɗowa a rai, har ma da sakankancewar mutum cewa ya tsira. Sannan ya jera alamu 12 na gaskiya, cikinsu akwai tawali'u, da taushin zuciya, da sauyin hali, da ƙishin ƙara tsarki. Ta ƙarshe, wadda ya ɗora bisa sauran duka, ita ce aikin da mutum ya dawwama a kai. Wesli ya saɓa da Edwards kan batun ƙaddara, amma ya taƙaita littafin ya buga wa mutanensa a 1773.

Shi kansa ya tsara koyarwarsa bisa shaidu biyu. Ta farko ita ce shaidar Ruhu Mai Tsarki a cikin zuciya, wadda sura ta 8 ta wasiƙar Romawa ke magana a kai. Ta biyu ita ce shaidar lamiri, lokacin da mutum ya dubi zamansa ya ga ƴaƴan da sura ta 5 ta wasiƙar Galatiyawa ta lissafa, irin su ƙauna da haƙuri da kamun kai, ko ma'aunan da ke cikin wasiƙar Yohanna ta fari: riƙe umarni, da ƙaunar ɗan'uwa. A ganinsa, duk shaidar zuci da ba ta haifi ƴaƴa ba ruɗi ce. Ya kuma nace cewa tabbacin na gafarar yau ne. Mai bi na iya sakaci ya faɗi gobe. A nan ya rabu da mabiyan Kalbin, waɗanda ke cewa wanda aka ceta da gaske ba ya ɓata har abada.

Bai bar ma'aunin a takarda ba. Daga 1742 ya rarraba mabiyansa ƙungiya-ƙungiya, kimanin mutum 12 kowace, suna haɗuwa mako-mako, jagora na tambayar kowa halin da ransa ke ciki. Duk wata uku ake sabunta takardar zama ɗan ƙungiya. Ba a tambayar mai shiga ko yana da tabbacin ceto; muradin tsira daga zunubi ya isa. Amma zama ciki na da sharuɗɗa uku: barin cuta, aikata alheri, da lizimtar ibada. A 1743, a birnin Newcastle, ya sallami mutum 64: 17 saboda maye, ɗaya saboda dukan matarsa, 29 saboda sakaci da rashin natsuwa, sauran saboda ƙarya, zage-zage, faɗa da makamantansu. A cikin jerin babu wanda aka kora don bai ji ɗumi a zuciya ba.

Sannu a hankali ya janye daga tsananin da ya koya wurin Böhler. Tun 1747 ya rubuta wa Calis cewa ba daidai ba ne a ce duk wanda bai da tabbaci a fili yana ƙarƙashin fushin Allah. Da ya manyanta sai ya bambanta bangaskiyar bawa, mai tsoron Allah yana aikata gaskiya, da bangaskiyar ɗa, mai sakin jiki a gidan ubansa; ya ce dukansu karɓaɓɓu ne, ko da yake ya kamata bawan ya yi ta roƙon matsayin ɗa. Ya koma ga tsohon littafinsa na tafiya, inda ya yanke wa kansa hukuncin rashin tuba, ya ƙara ƴan gyare-gyare a ƙasan shafi, yana cewa ashe ko a wancan lokaci yana da bangaskiyar bawa. Dattijo ya yi wa saurayin da ya taɓa zama sassauci, kuma da wannan ya sassauta wa dubban masu raunin zuciya da wa'azinsa na farko ya firgita.

In aka auna shi da ma'auninsa, me za a samu? An ƙiyasta ya yi tafiyar kilomita dubu 400, galibi bisa doki, ya yi wa'azi kusan sau dubu 40. Littattafansa sun kawo kuɗi masu yawa, ya rabar da su; da jami'an haraji suka nemi ya bayyana kayan azurfarsa a 1776, ya ce cokula biyu gare shi a Landan, biyu a Biristol, kuma ba zai ƙara ba muddin akwai masu kwana da yunwa kewaye da shi. A ɗaya hannun, aurensa na 1751 ya zama fitina ga su biyun, matar ta bar shi, har aka binne ta a 1781 bai sani ba. Abokan aikinsa da dama sun koka da son mulkinsa. Ashe ma'aunin aiki ma ba ya ba mutum cikakkiyar takardar shaida. Yana nuna inda aka dosa, yana kuma tona inda aka gaza. Shi ya sa a kwanakinsa na ƙarshe, waɗanda ke gefen gadonsa suka ji yana jingina begensa ga mutuwar Almasihu kaɗai, bai ambaci tafiye-tafiyensa ba, bai ambaci daren Aldersgate ba.

Cikin abubuwan da ya karanta a ƙarshen ransa akwai tarihin Olaudah Equiano, ɗan Afirka da aka bautar, ya fanshi kansa, ya rubuta labarinsa. Wesli ya riga ya wallafa ɗan littafi na la'antar bauta tun 1774. Ranar 24 ga Fabrairu 1791 ya ɗauki alƙalami da hannu mai rawa, ya rubuta wa ɗan majalisa William Wilberforce, yana ƙarfafa shi kada ya gaji da yaƙin cinikin bayi. Bayan kwana shida, ranar 2 ga Maris, ya rasu a Landan yana da shekara 87, ya bar mabiya fiye da dubu 70 a Birtaniya. Majalisar ƙasar ta haramta cinikin bayi a 1807. Mutumin da ya share fiye da rabin ƙarni yana bincikar zuciyarsa ya ƙare da rubutu a kan wahalar wasu mutane.