Tsibirin Kubrus da ɗansa Baghdatis

Jiharmu ta Kebbi ta ninka tsibirin Kubrus kusan sau huɗu a faɗin ƙasa, mutanensa kuwa ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Yana cikin tekun Bahar Rum, kudu da Turkiyya. Malamanmu na Bahindi sun san sunansa tun daga littattafan tarihi, domin can sahabiya Ummu Haram ta rasu a zamanin Sayyidina Usmanu, kuma har yau ana ziyartar kabarinta kusa da birnin Larnaka. Turawan Ingila sun mulke shi har 1960, shekarar da Najeriya ma ta samu 'yanci. A 1974 yaƙi ya raba shi biyu, Girkawa a kudu, Turkawa a arewa, inda ɗalibanmu da yawa ke karatu yanzu.

A kudun ne, a yankin Limasol, aka haifi Marcos Baghdatis a 1985. Mahaifinsa mutumin Labanan ne, mahaifiyarsa 'yar tsibirin. Hannunsa ya faɗa a wasan tanis tun yana ƙarami, sai dai ƙasar ba ta da masu horarwa ko abokan karawa da za su kai shi gaba. Bai cika shekara goma sha biyar ba aka tura shi Faransa, makarantar tanis ta Mouratoglou. Wannan ne ya fi taɓa mini zuciya a labarinsa. Duk wanda ya taɓa raka yaro tasha zai tafi neman ilimi wata ƙasa ya san abin da uwa ke haɗiyewa ranar.

Wahalar ba ta faɗi ƙasa banza ba. A Janairun 2006 ya shiga babbar gasar Ostareliya ba wanda ya sa shi a lissafi. Ya kayar da Andy Roddick, ya kayar da Ivan Ljubicic. David Nalbandian ya cinye shi zagaye biyu na farko, amma ya farfaɗo ya kwashe ukun da suka rage. A wasan ƙarshe ya ci Roger Federer zagayen farko kafin gwanin ya murƙushe shi. Kafin shekarar ta ƙare ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Wimbledon, ya hau mataki na takwas a duniya.

Daga nan raunuka suka yi ta ja masa birki. Kofuna huɗu ya ɗauka a manyan gasanni, babu na Grand Slam, wato irin na Ostareliya da Wimbledon, ko ɗaya. Ni dai na fi girmama shi da abin da ya yi wa gida: bai guje wa ƙaramar tawagar ƙasarsa ba a gasar Kofin Davis, inda ya ci wasa 36 a jere, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa. Ya ajiye wasa a Wimbledon a 2019.