Kujerar da ba ta jiran kowa

Yanzu da yawanmu kan bi maigida ƙasashen sanyi, wasu kuma Dubai suke kai yara hutu, inda tun 2005 aka buɗe Ski Dubai, wurin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. A irin wannan wuri za ki ga kujera rataye da igiyar ƙarfe, ita ke ɗaukar mutane daga gindin tudu zuwa samansa. Tun 1936 aka fara amfani da irinta a Sun Valley ta Amurka. Da yara sun gan ta sai sun ce za su hau, ke kuma zuciyarki ba za ta bari su tafi su kaɗai ba.

Ki sani, kujerar nan ba ta tsayawa ta jira ki. A cikin tafiya take kwasar mutane, a cikin tafiya take sauke su. Sabuwar ƙira kan rage gudu idan ta shigo tasha, tsohuwar kuwa da gudunta take zuwa, sama da mita 2 a daƙiƙa ɗaya. Ki gaya wa ma'aikacin wurin cewa yau kika fara, zai rage mata gudu. Babu abin kunya a nan.

Ni a dutsen Uludag, kusa da Bursa a Turkiyya, na koya, lokacin da muka je duba ƙanena da ke karatu a can. Mai koyar da mu ba ta fara da allunan ƙafa ba, da suturarmu ta fara, kuma na ga gaskiyarta. Dogon hijabi, gefen mayafi, igiyar jaka, kowanne yana iya maƙalewa a jikin ƙarfe. Ke kin miƙe za ki sauka, kujera ta wuce da gefen mayafinki, shi kuma yana naɗe a wuyanki. Allah Ya kiyaye! Ki sa ƙaramin hijabi, ki cusa gefensa cikin rigar sanyi, ki ja zif har wuya, ki ɗora hular kwano. Kin suturtu, babu kuma abin da ke reto. Jakar goyo a cire ta a ɗora kan cinya.

Wajen hawa, ki zare igiyoyin sandunan daga wuyan hannu, ki haɗa su a hannu ɗaya. Ki tsaya daidai kan layin da aka shata, ki waiwaya. Da ta taɓa bayan gwiwarki sai ki zauna, ki matsa can ciki, ku sauke ƙarfen kariya. Ki sa yaro a gefen da ma'aikaci yake, don ya taimaka masa. A Faransa ma doka ce, yaron da bai kai mita 1.25 ba sai da babba. Idan safar hannu ta faɗi, ki bar ta.

Saukar ce ta fi sa gaba faɗuwa. Kada ku ɗaga ƙarfen sai kun iso daf da tasha. Ki ɗaga kan allunan sama kaɗan, ki matso bakin kujera, da sun kwanta a kan ƙanƙara ki miƙe, ki ɗan karkata gaba, ki bar gangara ta tafi da ke. Kada ki cafke maƙwabciyarki, tare za ku zube. In kin faɗi, ki sunkuyar da kai kujera ta wuce, sannan ki ja jiki gefe, akwai wasu a bayanki.

In kuwa tsoro ya riƙe ki har kika wuce wurin sauka, don Allah kada ki yi tsalle. Ki yi zamanki. Akwai ɗan shinge a gaba wanda da ƙafarki ta taɓa shi injin zai tsaya, ma'aikaci ya zo ya sauke ki. Wannan ki maimaita wa yara shi tun kuna ƙasa, kafin ku shiga layi.