Ƙumbar Goggo

A gidanmu na Kachalla Sembe ba a kankare tukunya da cokali. Ƙumba Goggo take sawa, wata baƙa mai sheƙi daga ciki, wadda gefenta guda ya cinye saboda daɗewa, tana ajiye ta cikin tsohon akushi tare da ƙoshiya da guntun kanwa, kuma in an kwashe tuwon dawa an bar gindin tukunya ya huce, ƙarar nan ƙurus-ƙurus ita ke tara mu bakin murhu tun ba a kira sunan kowa ba. Ƙanzo muke jira.

Ni ne mai samo mata sabuwa. Da rani, in rafin Lamurde ya janye ya bar yashi da 'yan kududdufai, mukan gangara daga mu sai bante, mu tona laka mai warin ruɓaɓɓen ganye, mu tarar da su a rufe gam, da ransu. Wai me yaron nan yake zaton ke ciki? Ban tuna ya taɓa tambaya ba. Sai da gemu ya fito na san ɗan naman nan mai laushi shi ke gina ɗakinsa da kansa, yana tsotsar sinadarin kalsiyam daga ruwa yana shimfiɗawa a hankali, irin wanda ke cikin ɓawon ƙwai. Shi ya sa ranar da Hamma ya matsa lemon tsami a cikin ƙumba ta hau tsatstsafo da kumfa, muka watse muna cewa tsafi ne. Iskar kabon ce ke fita.

Matsattsaku kuwa da jikinmu muka san shi. Ba ka jin kamunsa, sai ka fito ka gan shi a ƙwauri ya yi ɓul-ɓul. Goggo takan ƙulla mana gishiri a tsumma, a barbaɗa masa ya murɗe ya faɗi, don gishiri na janye ruwan jikinsa ta fata. Amma jini ya yi ta tsiyaya har la'asar. Tun a 1884 wani masanin Ingila, Haycraft, ya gano matsattsaku na zuba wa ciwon wani abu mai hana jini daskarewa, wanda daga baya aka raɗa wa suna hirudin. Goggo dai toka take dannawa, tana faɗa.

"Kai, ɗan nan, rafin nan gadonka ne?"

"A'a, Goggo, Hamma ne ya ja ni."

Kullum Hamma ne.

Kaguwa da muke zaƙulowa daga rami da karan dawa, in ƙafarta ta ɓalle ba ka ganin ja, sai wani ruwa garai-garai da kan yi ɗan shuɗi in ya sha iska, domin ita jan ƙarfe ke ɗauko mata iska a jini, mu kuwa baƙin ƙarfe. Masu jan jini irin namu su ne 'yan mitsi-mitsin katantanwan da ke manne a ƙarƙashin ganyen bado, waɗanda muka raina don ko wasan koɗi ba sa yi. Ashe a cikinsu tsutsar tsargiya ke hayayyafa, ta fito ruwa da rana tsaka, daidai lokacin da muke alkafura, ta huda fata ba ka sani ba. Ita ce wani masani, Bilharz, ya gani a Alƙahira a 1851.

Mu kuwa bayan katanga muke jeruwa muna gwada wanda fitsarinsa ya fi ja, wai alamar girma ce, har wanda nasa ya ƙi sauyawa ya koma gefe yana jin kunya. Ranar da Goggo ta gani a wandona ta saki salati, Baffa ya ɗora ni a kan keke sai asibiti, aka ba ni manyan ƙwayoyi masu ɗacin tsiya, aka ce kada in ƙara taka ruwan nan.

Da jibi ta yi, ni na riga Hamma isa rafi.