Malam-buɗe-littafi, baƙon kaka

Wanda ya fara kiran wannan halitta malam-buɗe-littafi ya zauna ya dube ta da kyau. In ta sauka a kan fure, sai ta buɗe fukafukai ta rufe, kamar almajiri mai juya shafi. Shekaru ke nan ina bin ta da na'urar ɗaukar hoto tsakanin Maraɗi da Madarunfa, kuma abin da na fara koya shi ne haƙuri. Da sanyin safiya ake fita, kafin rana ta ɗumama mata jiki. A durƙusa a bakin tabki inda suke taruwa su sha laima a jikin taɓo, a kiyaye kada inuwar mutum ta faɗa musu, don inuwa ce ke korarsu kafin motsi.

Hoto ne ya kai ni ga itace. Kowane iri yana da tsirran da tsutsarsa ke ci. Mai ruwan goro da baƙin gefe, wanda masana ke kira Danaus chrysippus, a kan tumfafiya yake ƙwai. Tsutsar tana cin ganyen, dafin farin ruwansa ya zauna a jikinta, tsuntsun da ya ɗanɗana sau ɗaya ba ya ƙarawa. Farare masu baƙin zane, waɗanda ke tashi garke-garke, a kan anza da jiga suke girma. Anzar da ta ceci kakanninmu a shekarun yunwa ita ce gidansu.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Vanessa cardui, baƙon da ke iso mana a ƙarshen damina. Daga Turai yake tasowa, ya ƙetare Bahar Rum da Sahara, ya hayayyafa a ciyawar Sahel, jikokinsa su sake nufar arewa. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna tafiyar, zuwa da dawowa, tana kai kilomita 12,000 zuwa 14,000, kuma yawan da ake gani a Turai yana bin ruwan da ya sauka a kudancin Sahara. A watan Oktoba na 2013 Gerard Talavera ya tsinci wasu a gaɓar tekun Guyana ta Faransa. A 2024 aka tabbatar daga Afirka ta Yamma suka tashi, kilomita 4,200 a kan teku. Halittar da nauyinta bai kai giram ɗaya ba ke nan.

Amma baƙo sai da masauki. Maganin feshi da ake zubawa gonar wake ba ya tambayar sunan tsutsa kafin ya kashe ta. Gatari kuma in ya share anza da tumfafiya daga gefen gona, ya share zuriyar da ke kansu. Abin da ke kwantar mini da rai shi ne sassaben zamani, wanda manoman jihar Maraɗi suka runguma tun shekarun 1980: barin kututture ya tofo ya maido da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. Don gero da itacen girki manomi ya yi haka, sai ƙwari suka ci albarkacinsa.

Torben Larsen ya tattara iri kusan 1,500 a littafinsa na 2005 kan Afirka ta Yamma. Mu kuwa suna ɗaya muke kiran dukansu da shi. Duk ɗan lakwal mai salula yana iya ɗaukar hoto, ya rubuta rana da gari da itacen da ya ga abin a kai, ya tambayi tsofaffi ko akwai sunan da suka sani. Irin da ba a taɓa rubutawa ba, ranar da ya ɓace daga Tawa ko Damagaram babu wanda zai yi cigiyarsa.